Tattabarun Gidan da Kotu Ta Rufe

Ma'aikacin kotu ya danna kwaɗo a ƙofar gidan marigayi mijin Hajiya a Shahuci.

"Hajiya, har a gama shari'ar gado, ko tsinke kada ya fita."

"To tattabarunsa fa, ɗan nan? Yunwa za ta kashe su."

"Su ma suna cikin takarda."

Ta koma gidan ƙanwarta a Zaitawa. Kwana uku tana jin kukansu a kunnenta. Rana ta huɗu da hantsi, kewa ta sa ta tafa hannu sau biyu, yadda marigayin yake kiran su.

Sama ta rufe da fukafukai.

Ta kwance geron da ta ƙulle a bakin zane, ta dubi ƙanwarta.

"Ki shaida, ni ban fitar da komai ba."