Abu Mai Nauyi Marar Amfani

Maƙwabta kan ce ko ƙafarka Delbert ya taka, kai za ka ba shi haƙuri.

Ranar tafiyarsu Arizona gudun sanyi, ya sauke keken ɗinkin da matarsa Loretta ta gada wurin uwarta daga tirelar kwana da motarsu ke ja, ya dire a bakin titi. "Abu mai nauyi marar amfani, barinsa ake yi."

Loretta ta ja mota. A sikelin manyan motoci, nauyinsu ya ɗara ƙa'ida. Da Delbert ya sauka duba taya, ta kulle ƙofa, ta sa aka sake aunawa. Ya yi daidai.

"To, tsoho, dokarka ce," in ji ta, ta tada mota.

Ya dafa gilashi. "Loretta, ki yi haƙuri. Mu koma mu ɗauko keken."