Mai Suyar Kifi a Bakin Tafki

Kwalekwalen ya sake kifewa. Sojoji suka ɗago suna tari, mutanen da suka taru a bakin tafkin Madarumfa suka kwashe da dariya. Ajidan Hamza, mataimakin shugaban sojojin, bai yi dariya ba. Idonsa na kan wata mata mai suyar kifi, ita ma ba ta dara ba.

Tun farkon damina 'yan bindiga suka kwashe manoma daga ƙauyukan Gabi, suka shige da su dajin kan iyaka. Sun kafa sansani a kan wani tudu, ambaliyar gulbi ta gabansu, sarƙaƙiya ta bayansu. Mota ba ta zuwa wurin. Sai umarni ya zo cewa ta ruwa za a far musu, aka sa rukunin Hamza koyon tuƙi da rana tsaka, a gaban kowa.

Abin ya hana shi sukuni. Yaƙin da aka yi atisayensa a bainar jama'a ai an riga an sanar da maƙiyi.

Matar kuwa, Ladi, ba wanda ya san daga ina ta ɓullo. Ta kafa kaskonta daidai inda ake ɗaure jirage. Kifinta ko ya ƙone ko ya fito ɗanye, kuma ba ta kiran masu saye. Tana zaune ƙyam tana bin kwalekwale da ido. Da an tashi atisaye sai ta zaro salula daga bakin zane, ta koma bayan bishiya.

Rannan Hamza ya laɓe ya ji ta da kunnensa. "Ta ruwa za su zo," in ji ta. "Ku tsare bakin gulbi."

Ya garzaya wurin Kaftin Anas, shugaban rukunin, ya zayyane masa. Kaftin ya saurara, ya ce a ƙyale ta.

"A ƙyale ta? Mon kaftin," in ji Hamza, yadda soja ke kiran na gaba da shi, "yaran nan za mu kai mahalaka."

"Tsarin kumandan ne, ajidan. Ba a sauya komai."

Hamza bai taɓa ganin wannan sabon kumandan ba. Ya fito yana ƙunƙuni a kan mutumin da ke zaune cikin sanyin ofis a Maradi, wanda ko fararen ƙafafunsa bai taɓa jiƙawa a gulbi ba, yana zana wa wasu hanyar kabari. Da la'asar kuma ya hango kaftin ɗin tsaye gaban kaskon Ladi, hannuwa a baya, yana jiran kifin da ba ya ciwuwa.

Ana gobe za a tashi, aka ce an kira kaftin Maradi. Ya tafi da rabin mutanen, ya bar wa Hamza jirage da umarni ɗaya: ya ƙetara da safe, ya buɗe wuta daga cikin ciyayi, kada ya sauka tudu. Hamza ya kasa zama. Ya duba harsasai, ya sake dubawa. Ya kalli fuskokin sojojinsa, yawancinsu ko aure ba su yi ba.

Gari na wayewa ya tarar da Ladi tana hura wuta. Ya fizge salular, ya ɗaure mata hannu da igiyar jirgi.

"Tunda kin sayar da mu, tare za mu tafi. Harsashin farko naki ne."

Ba ta yi kuka ba, ba ta yi rantsuwa ba. Ta dubi rana, ta ce, "To mu tafi, ajidan. Kada mu makara."

Suka ratsa tafki suka shiga gulbi. Ruwa ya shanye gonaki, kawunan dawa kaɗai ke leƙowa. Rassa suna dukan fuska, sauro ya yi musu rumfa. Ladi na zaune a goshin jirgin, ba ta ko riƙe gefe.

Suna karya kwanar ƙarshe wuta ta tashi. Kamar yadda ya ji tsoro, duk 'yan bindigar sun hallara a gaɓa, sun jeru bayan itatuwa suna jira. Harsashi ya fasa jirgin da ke damansa, Kofur Hassan ya dafe kafaɗa ya sulale. Ran Hamza ya ɓaci, ya ɗaga hannu zai ce a danna tudu, a mutu a tsaye.

"Kada ka sauka," in ji Ladi, ba tare da ta waiwayo ba. "Ja jiragen hagu cikin ciyayi. Riƙe maƙiyan a nan."

Bai san abin da ya sa ya bi maganarta ba. Muryar ce ba ta bar wurin musu ba. Suka lafe cikin ciyayi suna mayar da wuta, harsasansu na raguwa.

Sai ga wata ƙarar daga bayan maƙiyan, daga cikin sarƙaƙiyar da aka ce ko akuya ba ta ratsa ta. 'Yan bindiga suka juya a ruɗe, ruwa a gaba, wuta a baya. Kafin hantsi ya ɗaga waɗanda suka rage sun zubar da makamai.

Hamza ya tura jirgi gaɓa. Manoma suna fitowa daga daji, ramammu, suna dafa juna. A gabansu Kaftin Anas ne, ƙaya ta yayyage masa kaki, taɓo har gwiwa.

"Mon kaftin," Hamza ya ce yana haki, ya jawo igiyar, "ga wadda ta tona mu. Ni na kamo ta."

Kaftin bai dube shi ba. Ya dubi igiyar, ya dubi matar, ya haɗe ƙafafu ya ƙame, hannu a goshi.

"Mon kumandan," ya ce mata, "an fito da su duka."