Aiken Inna

Moton Malam Jibril, tsohon babur ɗin nan nasa, ya sake mutuwa a ƙofar gidansu Nazifi, kamar babu wata ƙofa a duk Madawa.

"Kai, tashi ka tura mishi zuwa garaji," in ji mahaifiyarsa, Inna Mairamu, tana tsince wake. Nazifi ya tashi yana ƙunƙuni. Malam Jibril ko sauka bai yi ba. Ya gyara zama, ga buhun hatsi a baya, aka tura su gaba ɗaya har hawan kasuwa.

A da, Nazifi ne abin alfaharin gidan ɗaga ƙarfe na Gado, wata rumfar kwano a bayan kasuwar albasa, inda samari ke ɗaga simintin da aka daskarar a gwangwani. Bara, a gasar Madawa da Buza da Keita, ƙarfe ya kuɓuce masa a gaban jama'a, ya faɗi zaune, wandonsa ya yage. Bidiyon ya zagaya wayoyi har wurin ƴan ci-rani a Abijan. Tun ranar ya ce shi da ƙarfe sun rabu. Gado ya yi lallashi har ya gaji. Daga baya in ya zo gidan, Inna kawai yake gaisarwa, su ɗan taɓa hira, ya wuce.

Sai unguwa ta tashi da bukatu. Hajiya Raihanatu mai albasa kullum ƴan dakonta sun makara, sai an aiko a roƙi Nazifi. Da farko ƙananan buhuna ne, kafin damina sun koma manya. Injin ban ruwan liman ya lalace, sai jan guga. Mai faci kuma yana da wata tayar babbar mota da ya kasa yanke shawarar inda za ta zauna: yau a mirgina ta bakin titi, gobe a maido ta.

Duk aiken ta bakin Inna yake fitowa, ita kuwa ba a ce mata a'a. Abin da ke sanyaya masa rai, kwanonsa ya canza. Wake, ƙwai, nonon Fulani mai kauri. Ran Juma'a kuma babu wanda ke neman sa, ko allura ce ta faɗi.

Ana gobe gasar bana, wadda za a yi a Buza, sai ga Gado da Walid, wanda ya maye gurbin Nazifi a ƙungiya. Ƙafar Walid na naɗe da tsumma, yana ɗingishi yana nishi. Garin da ya ci bana za a ba shi sabbin ƙarafa na gaske, in kuwa ƙungiya ta gaza da mutum ɗaya, an cire Madawa ke nan. Suka roƙi Nazifi ya shiga a madadin Walid.

"Na hwaɗa muku na bari," in ji Nazifi.

Inna ba ta ɗago daga tankaɗen da take yi ba. "Ni ban san ƙarhe ba. Amma mutane sun tako har gidanmu. Tashi ka tahi."

Ya tafi. Rabin unguwa suka bi su a bayan kamiyo, babbar motar ɗaukar kaya, har da Inna, wadda ta ce za ta gano wata ƴar'uwarta a can.

Wasan farko tura mota ne. Nazifi ya sa kafaɗa, ya ji ta fi Malam Jibril sauƙi. Buhunan yashi ya kwashe su kamar matasai. A jan igiya ƴan Keita suka zube. Da aka zo mirgina taya, dariya ta kusa kama shi. Kafin la'asar saura shi da Maigari, ƙaton Buza, ga ƙarfe a shimfiɗe tsakaninsu.

Maigari ya ɗaga har ƙirji, ya yi rawa, ya saki. Nazifi ya sunkuya. Wani daga cikin taro ya yi ihu, "A riƙe wando!" Aka fashe da dariya. Sai ƴan unguwarsu suka ɗauki sunansa da murya ɗaya, har da liman. Ya ja numfashi, ya ɗaga, ya miƙe, ƙarfen ya tsaya cak a saman kansa.

Wanda ya riga kowa rugowa ya rungume shi Walid ne, da gudu, tsumman ƙafarsa na jan ƙasa. Nazifi bai samu damar tambaya ba, domin mai lasifika ya riga ya fara magana.

"Saura kyautar mai horarwa! Wanda ya shirya zakaran bana, ya hito!"

Nazifi ya juya yana neman Gado. Gado na tsaye a gefe, bai motsa ba, tafi kawai yake yi yana buɗa hanya.

Inna Mairamu ta gyara mayafinta, ta ratso taro ta karɓi kofin, sannan ta dubi ɗanta ta ce, "Gobe ka huta. Jibi Malam Jibril na tahe, kuma buhu biyu za ya ɗoro."