Farin Gari a Cikin Dutsen Guga

Zinatu ta ɗaga farar shaddar a hasken ƙofa. Ɗigo-ɗigo ne masu launin ƙasa a ƙirjin rigar, ga wani farin gari kamar kanwa yana zubowa daga ramukan dutsen guga. Rigar kuwa ta wani ma'aikacin ma'adinai ce da zai sa ta zuwa ɗaurin aure.

Zinatu 'yar Maraɗi ce. Da mijinta ya rasu a Arlit ta ƙi komawa gida, ta sayi injin wanki da dutsen guga mai tururi, ta buɗe wanki da guga a zaurenta. Da aiki ya yi mata yawa sai ta ɗauki maƙwabciyarta Zahra, wata 'yar Abzin mai 'ya'ya mata biyu, wadda fari ya cinye wa awaki ta shigo gari. Tare suke aiki, tare suke cin abinci a kwano ɗaya.

"Zahra, me kika zuba a cikin dutsen nan?"

"Ruwan famfo ne, Yaya, kamar kullum."

Maganar ba ta shige Zinatu ba. Ba a jima ba injin wanki ma ya fara gardama. Ya daina ɗumama ruwa, ya koma gurnani kamar tsohon raƙumi. Da ta zare tiyonsa sai ga farin abin nan ya daskare a ciki. Nan take ta tuna wata rana da Zahra ta ce cikin raha, ita ma in Allah ya hore mata za ta sayi nata injin.

Ta kai zancen wurin 'Yargata, mai sayar da fanke a bakin titi. 'Yargata ta murza garin a yatsa, ta sunsuna, ta girgiza kai.

"Ke dai kin cika yarda da mutane. Wannan ai barbaɗe ne. So take ki durƙushe ta gaje masu kawo miki wanki."

Daga ranar Zinatu ta zama mai gadi a gidanta. In Zahra ta sunkuya gaban inji, idonta na kanta. In ta yi dariya da mai kawo kaya, sai ta ce a ranta ga shi nan an fara. Ta daina cin abinci da ita, ta ce wai cikinta ne. Wata rana Zahra ta shiga yin alwala ta bar mayafinta a kan benci. Zinatu ta lalube shi, ta samu wani ɗan ƙulli a gefe. Ta kwance, sai ga farin gari.

Ba ta jira komai ba, ta fito da shi titi tana ɗaga murya, 'yan kabu-kabu da mata masu ɗiban ruwa suka taru.

"Kanwa ce, Yaya, wallahi!" in ji Zahra tana kuka. "Ta ƙwannafi ce nake sha. Ki ɗanɗana ki ji."

"Ni in ɗanɗana? Ki ƙarasa ni ke nan! Fice mini daga gida!"

Labari ya zaga unguwa. Babu wanda ya sake ba Zahra ko surfe, mata suka riƙa janye bokitansu in ta zo famfo, yara suna bin 'ya'yanta da waƙar "'ya'yan mai barbaɗe". Da abin ya ishe ta, ta ɗaure tsummokaranta ta hau wata babbar mota da yaran, suka nufi Assamakka, can bakin iyaka cikin hamada, neman aikin dafa wa direbobi abinci.

Zinatu ta sayi sabon dutsen guga, tana kulle shi a akwati, ba mai taɓawa sai ita. Kafin bazara ta wuce ramukansa suka toshe. Wata safiya ta juyo shi tana dubawa, ta danna mabuɗin tururi, sai tafasasshen ruwa ya feso mata a fuska da hannu. Idonta na dama bai sake gani sosai ba.

Da ta ɗan samu sauƙi ta kira Intala mai gyaran kayan kuran, wato lantarki. Ya kwance injin, ya zaro ƙarfen ɗumama ruwa, fari fat kamar an tsoma shi a siminti.

"Hajiya, ruwan garin nan ne. Zartsi gare shi, in ya ji zafi sai ya bar wannan. Ba ki ga sabulu ba ya kumfa ba? Da kina wanke su da ruwan lemun tsami lokaci-lokaci, kina kuma sa wa dutsen tataccen ruwa, da ba a kai haka ba."

"Ba mutum ne ke zubawa ba?"

"Wane mutum? Zo shagona ki ga irinsa buhu guda, daga kowace unguwa."

Zinatu ta zauna a ƙasa. Washegari ta roƙi Almustafa, wani direba mai bin hanyar Assamakka, ya nemo mata Zahra, ya ce mata ta dawo don Allah. Da ya dawo bai iya kallon fuskarta ba. Ya ce ƙaramar 'yar Zahra ta kwanta da zazzaɓi a wata rumfar buhuna a can, zafin rana ya yi mata yawa, ta rasu. Zahra kuwa ta bi wata mota da babbar, babu wanda ya san inda suka nufa.

Zauren Zinatu a rufe yake har yau.

Mai karatu, in kayanka sun lalace, tambayi masu sani kafin ka nuna ɗan'uwanka da yatsa. Dattin ruwa lemun tsami yana wanke shi, amma sunan da ka ɓata bisa zato ba ka da abin wanke shi.