Gwajin Farar Takarda

"Ɗiga a nan," in ji mijina, ya miƙo mini farar takarda a shagonsa. Shekara ashirin ke nan yana sayar da man ƙamshi, kullum cikin cika baki.

Na ɗiga daga wata kwalba marar tambari. Muka jira.

"Mai na gaskiya bushewa yake, ba ya barin tabo. Dubi maiƙo. Rabinsa man girki ne, je ki ki soya ƙwai. Wane marar tsoron Allah ne ya ba ki?"

Masu sayayya uku suka matso.

Na zaro kwalbar da na juyo man daga ciki, da tambarin shagonsa a jiki.

"Kai ne, Maigida. Ka ce irinsa sai matar so."