Mai Kallo Guda Ɗaya

Fasto ya rufe addu'a, jama'a suka ce amin, mawaƙa har sun miƙe, sannan muryar Baba ta taso ita kaɗai daga benci na gaba: "Amin."

Dogo ya toshe baki a bayan na'urar sauti yana danne dariya. 'Yar Baba, wadda 'yan rukuni suke kira Darakta, ta harare shi ta gefen kamara. Ba wanda bai san amin ɗin Baba ba a ikkilisiyar nan, kullum sai an gama take isowa. Wasu sun ce gyangyaɗi ne, tunda daga zama sai ya tallafe kunci da hannu, ya sunkuya kan jakar Littafinsa Mai Tsarki. Wasu kuma sun ce ikonsa ne na shugaban dattawa, sai ya tantance addu'a kafin ya amince.

Darakta dai tela ce. Sunan ya bi ta ne tun ranar da ta tsaya gaban dattawa ta nemi a riƙa watsa sujada kai tsaye ta intanet, saboda marasa lafiya da matafiya. Ta haɗa rukuni da abin da Allah ya hore. Ga Dogo mai aski, wanda hannunsa ba ya ganin maɓalli ya ƙyale. Ga Malama mai haska kalmomin waƙa a bango, wadda ta taɓa haska hoton bikin ƙanwarta ana tsakiyar wa'azi. Kamarar ma aro ce, ƙafarta ɗaya ta gaza, sai da aka tokare ta da littafin waƙoƙi.

A hankali hannu ya faɗa. Lasifika ta daina kuka, kan Fasto ya daina fita rabi. Abu biyu ne suka ƙi ci suka ƙi cinyewa. Na farko jinkiri: Fasto zai gama magana ya zauna, amma a kwamfuta yana nan yana kaɗa hannu. Na biyu masu kallo. A kusurwar allo akwai hoton ido da lamba a gefensa. Makon farko dangi sun leƙo don su ga kansu, daga nan lambar ta sauko ta zauna a ɗaya.

Amma ɗayan nan akwai amana. Da waƙar buɗewa yake shiga, sai an sa albarka yake fita, bai taɓa rubuta ko harafi ba. Malama ta ce lalle wata tsohuwa ce da ciwon ƙafa ya kwantar, suka sa mata suna Kaka. Saboda Kaka Dogo yake ƙara murya, saboda Kaka Darakta take barin ɗinkin mutane ranar Asabar ta zo gwajin wayoyi.

Sai magatakarda ya kawo magana a taron dattawa. Teburin 'yan kamara ya cinye wurin benci biyu, baƙi suna tsayuwa a bakin ƙofa, duk don mutum ɗaya da ba a san shi ba. Darakta ta yi bayani har bakinta ya bushe. Aka juya ana jiran shugaba. Baba ya bi fuskokinsu da kallo, ya yi murmushi, ya gyaɗa kai. Shi ke nan, aka ɗauka ya amince a daina watsawa, Lahadi mai zuwa ce ta ƙarshe.

Abin ya yi wa Darakta ciwo ƙwarai. A gida ta same shi yana ba shukokinsa ruwa, ta tsaya a bayansa ta zazzage masa duk abin da ke ranta. Ko waiwayowa bai yi ba. Da Asabar ta zo kuwa, ya miƙo mata wayarsa kamar yadda ya saba, wai ta sa masa caji, ta kuma zuba masa abin nan nasu na intanet. Mutumin da ko kiran waya ba ya ɗauka. Ta karɓa ta yi, don uba uba ne, amma fuskarta a ɗaure.

Ranar Lahadi suka jona kayan aikinsu. Dogo, da ya ga ba sauran abin da zai ɓata, ya shiga tone-tone a cikin kwamfuta, sai ga shi ya faɗa kan wurin da ake rage jinkiri. Ya danna. Fasto ya ɗaga hannu a gaba, ya ɗaga a allo, kusan tare.

"Ko ba komai, Kaka za ta ga ta ƙarshe a kan lokaci," in ji shi.

Lamba ta nuna ɗaya. Darakta ta ji ƙwalla na neman zubo mata, ta ɓoye fuska a bayan kamara. Wa zai gaya wa baiwar Allahn nan cewa mako mai zuwa za ta buɗe waya ta tarar da duhu?

Fasto ya rufe addu'a, jama'a suka ce amin. Dogo ya kai hannu baki yana jiran ta Baba. Mawaƙa suka miƙe, suka ja baiti guda. Shiru.

Malama ta matso kusa ta raɗa wa Darakta: "Ai ya riga ya faɗa. Yau tare da mu ya faɗa."

Darakta ta juya kamara zuwa benci na gaba, ta jawo hoton kusa. Baba na nan yadda ya saba, kunci a tafin hannu. Daga wayarsa da ke cikin jakar Littafinsa wata siririyar igiyar sauraro ta fito, ta shige hannun riga, ta ɓullo a tsakanin yatsunsa, ta ƙare a cikin kunnen da ya daɗe da daina jin muryar Fasto, da ta magatakarda, da ta 'yarsa. Ashe shi ne Kaka.