Gwiwar Sifanar Malam Barau

Tun da aka kafa dokar rajistar kayan aiki, duk sifanar da ba ta da 'yar koriyar fitila a ƙota, laifi ne a taɓa mota da ita. Shi ya sa Malam Barau bakanike ya naɗe tasa a tsumma ya nufi ofishin rajista.

Shekara talatin ke nan da ya ƙera mata gwiwa mai juyawa ko'ina, don soket ya kai ga noti a lungun inji. Duk wanda ya tambaya a kasuwar Panteka, zaunar da shi yake ya koya masa kyauta.

A ofishin, wata ma'aikaciya ta ɗora sifanar kan na'ura, na'urar ta nuna ja.

"Baba, wannan kwaikwayo ne. Wani kamfani ya yi rajistar irinta shekara tara da suka wuce."

"'Yata, ni na fara ƙera ta. A garejina wani baƙo ya ɗauki hotonta, har shayi na ba shi."

"Kana da shaida?"

Ya dubi sifanar. Waɗanda ya koya wa duk an narkar da nasu. Matarsa Delu kuwa, wadda ta riƙe masa ƙarfen ranar da ya haɗa gwiwar, bara aka binne ta.

"Ka yi haƙuri, Baba, sai akwatin narkarwa."

Ya shafa ƙotar, daidai inda babban yatsansa ya cinye ƙarfen, sannan ya sake ta.

A bakin ƙofa aka miƙa masa takarda: ranar Litinin kamfanin zai koya wa kanikawa yadda ake riƙe irinta.